Kofi Takwas a Rana

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti, ni nas ɗin ta ja gefe, ba ɗansa ba. Mijina Abdulbaqi yana tsaye a baranda yana amsa wayar 'yan kasuwa, ta dube shi, ta dube ni, ta gane wanda aikin zai faɗo wa. Sadiya sunanta, wata 'yar siririya mai saurin baki.

"Ke ce matar ɗansa?"

Na ce ni ce.

"To Hajiya, ki saurare ni da kyau. Ba wani baƙon ciwo ne ya kayar da tsohon nan ba, ruwa ne ya ƙare a jikinsa. Leda huɗu muka ƙara masa kafin ya san inda yake. Ƙodarsa ta ji jiki. Likita ya ce in ya sake bushewa irin wannan a zafin nan, ba lalle ta tashi ba. A shekarunsa kuma babu mai yi masa maganar wankin ƙoda."

Ta yago takarda ta rubuta min da jan biro. Kofi takwas na ruwa a rana, ta ja masa layi biyu a ƙasa. Kada ya shiga rana daga hantsi zuwa la'asar. Ya ɗan taka da sassafe. A rage gishiri da magi. Kankana, kokwamba, lemo. Riga mara nauyi. Ya runtsa bayan azahar. Babu azumin nafila sai ruwan sama ya sauka. Ta ce in aka riƙe waɗannan, tsofaffi irinsa har casa'in suna kaiwa garau. Daga ƙarshe ta ƙara da baki, "Kuma ki riƙa lura da fitsarinsa. In kin ga ya yi ja, ku dawo."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, yarinya, da gani ba ki da suruki.

Shekara ashirin da uku ina gidan nan na unguwar Soron Ɗinki, surukina Malam Ɗalha bai taɓa kiran sunana ba. Hauwa sunan mahaifiyarsa ne, don haka tun ranar da aka kawo ni na zama Mai sunan Inna. Ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. Gaisuwa daga bakin labule, a durƙushe, idona a ƙasa. Da matarsa Hajiya tana raye ita ce a tsakaninmu, ni in dafa, ita ta kai. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. 'Yarmu Bahijja ta yi aure tana Zaitawa. Abdulbaqi kuwa ƙarfe takwas ya fice kasuwar Kwari, sai bayan magariba. Gida ya rage daga ni sai tsoho mai shekara saba'in da tara, kowa yana kaffa-kaffa da ɗan'uwansa.

Gidan ba wani girma gare shi ba. Ɗakin Baba yana jikin soro, ƙofarsa tana kallon tsakar gida. Da yana da ɗan bayinsa na kewayawa a bayan ɗakin, daminar bara ta rushe shi. Abdulbaqi ya ce bayan damina za a gyara, sannan ya ce bayan azumi, ga azumin ya wuce da sati uku. Ɗakinmu yana dama, madafi yana hagu, banɗaki can ƙurya. A ƙuryar nan ne kuma benen maƙwabcinmu Alhaji Mikail yake jefo mana inuwa, ga wata 'yar iska da take biyo lungu ta faɗo ta saman katanga. Duk gidan nan ne kaɗai inda mutum zai zauna a watan Afrilu ya ji yana numfashi. Nan nake shimfiɗa tabarmata in yi ɗinkin hula.

Da ba wuni nake yi a wurin ba. Safiya uku a sati ina Islamiyya, wani lokaci in leƙa Bahijja, bayan azahar in shige ɗaki in ɗan miƙe baya. Da muka dawo daga asibiti na soke duk wannan. Na ce ba za a ce tsoho ya mutu da ƙishirwa a hannuna ba, alhali randa biyu gare ni. Na san dangin miji, na san abin da za a faɗa a zaman makoki da murya ƙasa-ƙasa. Na manna takardar Sadiya a ƙofar madafi. Na samo maɓalli takwas na zuba a murfin kwano, duk kofin da ya shanye in cire ɗaya. Na gyara zaman tabarmata yadda ƙofarsa za ta kasance a saitin idona, tun safe har magariba.

Abin da zai ba ka haushi, duk sauran abin da ke cikin takardar Baba ya bi shi kamar ɗalibi. Bayan asuba ya ɗauki sandarsa ya taka har bakin lungu, wajen masu wankin hula, ya dawo kafin rana ta yi baki. Ya ajiye babbar riga, shi da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka ta da hannu, ya koma wata farar 'yar shara. Miyar kukar da nake masa ba gishiri, wadda ni kaina ba na iya haɗiyewa, kwanon yake dawo min da shi a suɗe. Bayan azahar in ji minsharinsa siriri. Ruwa ne kawai ya ƙi.

In na kai kofi sai in yi sallama in ajiye a bakin labule. Hannu ya fito ya ɗauka.

"Madalla, Mai sunan Inna. Allah ya yi albarka."

Bayan awa guda in na koma, kofin yana nan, an kurɓa sau ɗaya, ruwan ya yi ɗumi, wani lokaci har da ƙuda a ciki yana iyo. Ranar farko maɓalli biyu na cire. Rana ta biyu, biyu da rabi, in ana raba maɓalli. Su ma ɗin sai da magariba ta yi ya sha su.

Na ce ko ruwan ne bai yi masa ba. Na wanke randa tas, na turara ta, na jefa jema a ciki don ƙamshi. Na sa Abdulbaqi ya taho da ƙanƙara, Baba ya ce tana kashe masa haƙora. Na yi zoɓo ba sukari. Na yi kunun aya har hannuna ya yi tsami wajen tata. Na jiƙa tsamiya. Kankana kuwa yanka ɗaya yake ci, sauran ya zuba a leda ya kai wa abokan sahunsa a ɗan masallacin ƙofar gida. Wato ni in yanka, Malam wane da Malam wane su ƙara tsawon rai.

Ga zafin ba a magana. Kwana shida ba mu ga wuta ba, fanka tana rataye sai tara yanar gizo take. Simintin tsakar gida in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa. Ƙurajen zafi sun feso min a wuya da gadon baya, allura tana santsi a hannuna, hular da nake gamawa a kwana goma ta shiga sati na uku. Da safe nake tashi a gajiye, in wuni a gajiye, ido ɗaya a kan zare, ɗaya a kan labulen tsoho.

Ranar Litinin na kai kofin safe, hannun bai fito ba.

"A mayar, Mai sunan Inna. Ina azumi."

Na daɗe a durƙushe. Na ce, "Baba, ai an hana."

"Ɗaya ne. Litinin ce."

Na koma tabarma raina a ɓace. Da Abdulbaqi ya dawo bayan magariba ban bari ya gama wanke hannu ba.

"Abban Bahijja, ka je ka yi wa mahaifinka magana. Yau azumi ya yi. A wannan ranar."

"Ki yi haƙuri, tsufa ne."

"Tsufan ne zai tashi ƙodar in ta kwanta? Ka ji abin da nas ta ce, ko kana waya?"

Ya miƙe yana tsaki ƙasa-ƙasa ya tafi. Ina jiyo su.

"Baba, don Allah a riƙa shan ruwa."

"To."

Shi ke nan maganar. Ya dawo ya zauna ya ja kwanon tuwo, ya ce, "Ya ce to." Na dube shi kawai. Sai na tashi na kwashe kwanuka.

Tunani babu irin wanda ban yi ba. Na ce ko hannuna ne ba ya so, ko wani ya kai masa wata magana a kaina. Na ce ko ya gaji da duniya ne yana so ya bi Hajiya, yana jin kunyar faɗa. Wannan ya fi tsaya min a rai, don in haka ne, me ya sa zai zaɓi ya yi a hannuna? Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Wankinsa ni, gugarsa ni. Na ji haushinsa sosai a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba, kuma na ji haushin kaina da nake jin haushin tsoho.

Rana ta tara da azahar ya fito bakin ƙofarsa yin alwala. Ba na kallonsa in yana alwala, amma ranar na saci kallo ta gefen mayafi, don na ji butar tana karkarwa a hannunsa. Ya rame a kwana taran nan, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsattsage ya yi fari. Ya ɗebi ruwa ya kai baki don kurkura. Sai na ga ya rufe ido, ya riƙe ruwan a bakinsa, ya riƙe, ya riƙe, maƙogwaronsa yana motsi. Sannan ya sunkuya ya tofar. Sau uku ya yi haka, kowanne yana daɗewa fiye da na baya.

Ashe ƙishirwar yana jinta. Yana jinta fiye da yadda nake zato, kuma yana tofar da ruwan.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗebo ruwa a moɗa na je na tsaya a kansa, a tsaye, ba a durƙushe ba.

"Baba, me na yi maka? Ka faɗa min abin da na yi maka. Ka sha ruwan nan, don girman Allah ka sha."

Shekara ashirin da uku ban taɓa ce masa "ka" ba. An tashi lafiya, a ci abinci, a sha magani, haka muke. Ni da kaina na ji kalmar ta faɗi a tsakar gidan kamar an saki faranti. Bai ɗago ba. Ya kalli yatsun ƙafarsa ya ce a hankali, "Ba ki yi komai ba, Mai sunan Inna." Ya karɓi moɗar ya jiƙa leɓe, ya ajiye ta a ƙasa, ya dafa bango ya miƙe. Sai da ya yi tangaɗi sau biyu kafin ya kai soro.

Na koma madafi na yi kuka mai isata, sannan na ɗauki waya na kira Gwaggo 'Yardada, ƙanwarsa da ke Yakasai. Ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu, kuma ita kaɗai ce a duniya take ce masa kai tsaye ba ka da gaskiya.

Washegari da hantsi ta iso, tana faɗa tun daga soro. Mai adaidaita ya sauke ta a bakin titi ya ce lungu ba ya shiguwa, gwiwarta ta ƙi, zamanin nan babu mai tausayin tsofaffi. Ta leƙa ɗakin wanta suka gaisa, na ji tana ce masa ya koma kamar busasshiyar kuɓewa. Sannan ta taho wajena tana jan ƙafa.

"Uwata, ba ni wuri in zauna, kafin ni ma a ƙara min leda huɗu."

Uwata take ce min, saboda sunan. Na matsa mata a tabarma na kawo mata ruwa. Ta shanye moɗa guda ba ta numfasa ba, ta ɓare goro, ta ce in faɗa mata. Na faɗa mata komai, jema, zoɓo, kankana, azumin Litinin, alwalar jiya. Na nuna mata murfin maɓallai. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi ta mayar.

"Nan kike zama?"

"Nan ne kaɗai inuwa, Gwaggo."

"Tun ƙarfe nawa?"

"Da na gama abin kari. Ba na tashi sai magariba, sai dai salla ko girki, su ma ina gani ta ƙofa. Islamiyya ma na daina zuwa."

Ta dubi ƙofar Baba, can gaba. Ta juyo ta dubi bayanmu. Ƙyauren banɗaki na kwano ne, taku uku daga gefen tabarmata, ƙasansa a ɗage, ko buta aka ajiye a ciki ina jin ƙararta. Ta daɗe tana tauna goro.

"To uwata, in ya sha kofi takwas ɗin, ina zai kai su?"

Ta nuna ƙyauren banɗakin da baki, ta ci gaba.

"Tsoho ne fa. In ya sha moɗa ɗaya, kafin ya gama jan carbi sai ya kewaya. Masallacin lungun nan ba bayi gare shi ba. Nasa ya rushe, ɗan nan naku ya bar shi a rushe. Saura wannan. Kina ganin Yaya Ɗalha zai ratso tsakar gida riƙe da buta, ya wuce ta gaban mai sunan uwarsa, ya shiga nan ya tsuguna kina jin sautinsa? Sau takwas a rana? Ya gwammace ya mutu. Ba wasa nake miki ba, mutuwar zai yi, yana ce miki madalla."

Na shiga lissafi a raina. Wata takwas da rushewar bayin nan, ban taɓa ganinsa ya nufi banɗaki ba, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa tambayar kaina ba, don ba abin da ake tunawa game da suruki ba ne. Kafin asuba yake zuwa, da bayan na shige ɗaki. Da sanyi wannan ya ishe shi. Da zafi ya shigo sai ya riƙa jiran ranakun Islamiyyata da ɗan barcina na rana. Ni kuma na tashi na toshe masa su duka, na dasa kaina a hanya ina ƙirga maɓalli. Duk ranar da na ƙara himma, ƙara shanya shi nake yi.

Na ce, "Me ya sa bai faɗa wa ɗansa ba?"

"Ya ce masa me? Ka ce wa matarka ta tashi zan yi fitsari?"

"A sa masa fo a ɗaki."

"Wa zai zubar? Ke?" Ta tofar da tuƙar goro. "Ginin bayi kuma ko yau aka fara sai an yi sati biyu, in ma mijin naki ya fara. Yadda na ga bakin Yaya yanzu, ba shi da sati biyu. Kuma ki ji, kada ki kuskura ya san kin gane. In ya sani, ko da asuba ma daina zuwa zai yi."

Na dubi ɗakina. Rufin kwano ne, silin ɗin ya zazzago a gefe guda tun bara. Taga ɗaya gare shi, ita ma tsakar gida take kallo, dole a rufe ta. Da rana ko shiga ɗaukar zare na yi, da gumi nake fitowa. Na dubi inuwata, 'yar iskar nan tana taɓa min wuya a daidai lokacin. Wallahi na ji ƙyashi. Duk gidan nan abin da na mallaka ke nan, ɗan wurin da bai fi tabarma ɗaya ba, shi ma sai an karɓe. Na ce a raina, Hauwa, ke kuma taki rayuwar ke nan.

Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ɗaga murya yadda har soro za a ji.

"Uwata, wannan jan idon naki fa? Hasken rana ne yake cin ki. Mai ɗinki ba ta zama a sarari da bazara, makancewa za ki yi."

Na gyara murya na ce, ni ma da ƙarfi, "Haka ne Gwaggo, kwana biyu yaji yake min. Daga yau a ɗaki zan riƙa yi, in rufe ƙofa da taga. Ba na fitowa sai an kira salla."

"Ki rufe da kyau. Kada haske ya shiga ko kaɗan."

Ta sa na cika babban jug daga randa, ta ɗauka da kanta ta kai masa har cikin ɗaki. Na ji tana ce masa ita ta tafi, rana tana yi, in ta dawo jibi ta tarar da shi haka za ta sa a ɗaure shi a yi masa ɗura kamar jariri. Na naɗe tabarmata, na kwashe zare da murfin maɓallai, na shiga ɗaki na ja ƙyaure da ƙarfi don ya ji.

Ban taɓa sanin ɗakin nan yana kai haka ba. Kwanon rufi yana ta ƙas-ƙas don zafi. Na kunna 'yar fitilar waya na ɗora a kan akwati, na yi ɗinki layi biyu, gumi ya ɗiga a kan farin zare, na ajiye. Na cire ɗankwali. Mafici ma iska mai zafi yake turo min. Na zauna a ƙasa na jingina da gado ina saurare.

Shiru. Kurciya a kan benen Alhaji Mikail, wata mai tallan awara a lungu, shi ke nan. Rabin awa, awa guda. Na fara cewa Gwaggo ta yi kuskure, na gasa kaina a banza, tsohon nan tafiya kawai yake son yi.

Sai na ji tari. Na ji an ɗaga labule. Takun silifas a kan siminti, a hankali, ana yi ana tsayawa. Ya zo daidai ƙofata ya tsaya cak. Na damƙe awarwaron hannuna don kada su yi ƙara, na riƙe numfashi. Ya daɗe a tsaye, ina jin hucinsa. Sannan takun ya ci gaba, ƙyauren kwano ya yi ƙara, aka ja shi aka rufe.

Na kifa kaina a gwiwa. Ni Hauwa, da girmana da 'yata a ɗakin miji, ina kuka don surukina ya shiga banɗaki.

Kafin azahar ya sake wucewa. Na fito na yi alwala da gudu kamar ɓarauniya, na duba tukunya, na koma. Tsakanin azahar da la'asar sau biyu. A na ƙarshen ko tsayawa a ƙofata bai yi ba. Kaina yana sarawa, rigata ta manne a baya, amma ban buɗe ko taga ba.

Da aka kira la'asar na fito. Hasken waje ya kashe min ido, sai da na dafa bango. Jug ɗin yana bakin labulensa, an fito da shi an ajiye. Na ɗaga shi na ji ba nauyi. Na leƙa ciki, babu ko ɗigo. Na durƙusa zan ɗauke shi in tafi ba tare da na yi magana ba.

"Mai sunan Inna."

"Na'am, Baba."

Muryar ta ɗan saki, ba irin ta jiya mai kama da ana murza takarda ba.

"Ɗakin nan naku akwai zafi da rana."

"Ba laifi, Baba. Idona ne."

"To. Allah ya ba da lafiyar ido."

"Amin."

"In da sauran ruwa, a ƙaro. Kuma ke ma a sha. Tun safe ban ji an buɗe randar nan ba sai domina."

Na je gindin randa na cika jug, na kai na ajiye, hannu ya fito ya ɗauka. Na dawo na ɗebi moɗa guda na sha a tsaye, na ƙara ta biyu, sai a lokacin na san yadda maƙogwarona ya bushe. Inuwar ta riga ta rufe rabin tsakar gida, iska tana kaɗa igiyar shanya. Sama fari tas, babu alamar hadari, masu lissafi sun ce ruwan farko sai nan da wata guda, in an yi sa'a.

Na yi alwala, na shiga ɗaki, na ja ƙyauren da ƙarfi yadda zai ji.